Ba a Yabon Ɗan Kuturu: Nasiha ga 'Yata Mai Ɗana wa Hayaƙi Tarko

 'Yata, ina fatan karatun nan yana barinki ki ɗan runtsa. 

Saƙonki ya iso ni ranar Laraba bayan la'asar, tare da hoton zanen da na'ura ta fitar miki. Na sa tabarau na duba shi har sau uku. Kin ce farar ƙasar nan ta Ƙanƙara da kika gasa, kika dafa da soda har ta zama ziyolait, ta kama iskar kabon-dayoksaid fiye da yadda kika yi zato. Sannan kika tambaye ni, "Kawu, in rubuta cewa an yi nasara?" Barka da arziki, Allah Ya ƙara basira. Na ji daɗi ƙwarai, don ƙasar Ƙanƙara ta daɗe a hannun masu bincike, musamman na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ga shi yau ta iso hannun 'yar gidanmu. Amma game da rubuta nasara, ki ɗan dakata. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Tsakuwarki kuwa kwananta ɗaya a duniya.

Bari in fara da abin da kika riga kika sani, don tsoho ba ya shiga zance ta taga. Kin sha ganin mahaifiyarki ta zuba turaren wuta a kasko, ta kifa kabbasa, ta shimfiɗa mayafi a kai. Hayaƙi ya ratsa ya wuce abinsa, amma ƙamshi ya maƙale a jikin zare, har a yi mako ana jin sa. In aka shanya mayafin a rana, sannu a hankali ya saki ƙamshin, ya koma yadda yake, a sake turara shi. To duk aikinku ke nan, sai dai ku ba ƙamshi kuke nema ba. Kuna son hayaƙin bututun masana'anta ya ratsa ta cikin wani abu mai ƙananan ramuka, iskar kabon ta maƙale a bangon ramukan, sauran iska ta wuce. In abin ya ƙoshi, a sa shi ya sauke kayansa wuri guda, a mayar da shi bakin aiki. Ni tarko nake kiran irin wannan abu, don tarko ne ake ɗanawa, ya kama, a kwance, a sake ɗanawa.

Sirrin tarkon yana cikin ramukansa. Giram ɗaya na gawayin da aka sarrafa, wanda bai cika cokalin shayi ba, in da za a buɗe bangon ramukansa a shimfiɗa, zai rufe fili mai murabba'in mita 1,000 ko kusa da haka. Ziyolait ɗinki kuma tsohuwar zuma ce. Wani masanin duwatsu ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, shi ya raɗa mata suna a 1756, da ya gasa wani dutse ya ga yana fitar da tururi kamar ana tafasa shi. Ma'anar sunan a Girkanci ke nan, dutse mai tafasa. Ki riƙe wannan a ranki, za mu dawo kansa: tun ranar suna, ziyolait da ruwa aka gan ta. A zamaninku kuma an zo da wata raga da ake saƙawa da ƙwayoyin ƙarfe da sinadarai, wadda ake kira MOF. Wasu daga cikinsu giram ɗaya yana ɗauke da shimfiɗar da ta kai filin ƙwallo. A kansu aka ba Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2025. Shi Yaghi ɗin a Amman aka haife shi, a gidan Falasɗinawa 'yan gudun hijira. Na faɗa miki wannan ne don kada ƙarancin kayan aiki ya karya miki gwiwa.

Kafin ki raina tsohuwar hanya, ki san dalilin da ya sa ake neman sabuwa. Tun 1930 wani Ba'amurke, R. R. Bottoms, ya yi rajistar dabarar wanke iska da ruwan wani sinadari mai suna amin, ba amin ɗin da muke amsa addu'a da shi ba. Ana kwararo ruwan daga saman hasumiya, hayaƙi yana hawowa daga ƙasa, su gamu a tsakiya, ruwan ya shanye kabon. Daga nan a kai shi wata hasumiyar a dafa shi a zafin da ya kai digiri 120, ya amayar da abin da ya sha. Dabarar tana aiki. Da ita tashar lantarki ta Boundary Dam a lardin Saskatchewan na Kanada ta fara kama kabon daga hayaƙin kwal a 2014, da ita Petra Nova ta jihar Texas ta biyo baya a 2017, da ita kuma masana'antar siminti ta Brevik a ƙasar Norway ta fara aiki a 2025. Aibinta ɗaya ne babba. A irin haɗin da aka saba, kashi 30 cikin 100 ne amin, kashi 70 ruwa ne zalla, kuma duk zagaye sai an dafa ruwan nan gaba ɗaya. Kamar mai dafa ƙwai ɗaya ne a tukunyar gidan biki. Tashar kwal da ta ɗauki wannan hanya takan rasa kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ƙarfinta wajen hidimar kamun. Kilo ɗaya na tsakuwa kuwa, zafin da zai ɗumama shi bai wuce kimanin rubu'in wanda zai ɗumama kilo ɗaya na ruwa ba, kuma ba ya cin bututun ƙarfe kamar yadda ruwan amin yake yi. Nan ne fatan masu tsakuwa yake. Amma ki tuna ruwan amin ya kusa shekara ɗari yana aiki, shi yatsunsa sun cika. Ki girmama shi kamar yadda ake girmama na gaba, ki kuma auna tsakuwarki da shi, kada ki auna ta da tsakuwar ƙawarki.

Nasihata ta farko: ki san hayaƙin da za ki yi hulɗa da shi. A gwajin da kika turo mini, iskar kabon ce tsantsa daga tukunyar gas, busasshiya, cikin sanyin ɗaki. Babu bututun masana'antar da ke fitar da irin wannan a duniya. Hayaƙin tashar kwal, kabon ɗinsa bai wuce kashi 12 zuwa 15 cikin 100 ba. Na injin da ke ƙona iskar gas kashi 3 zuwa 4 ne kacal. Na murhun siminti yakan haura kashi 20. Mafi yawan abin da ya rage naitirojin ce, ga ragowar oksijin, ga ƙura, ga hayaƙin farar wuta mai tsami, ga kuma uwa-uba tururin ruwa. Ko bayan an wanke shi, da ɗumin digiri 40 zuwa 60 yake isowa, kuma ba shi da wani matsi na a zo a gani. Ramukan ziyolait sun fi son ruwa a kan kabon nesa ba kusa ba. In suka shigo tare, ruwa ne zai shimfiɗa tabarma ya zauna, kabon ya tsaya a bakin ƙofa.

Wannan darasi ba a littafi na koye shi ba. Ina saurayin injiniya a wata masana'anta, aka damƙa mini na'urar busar da iskar da ke motsa bawul-bawul na cikin gida. Tukwanen ƙarfe biyu ne a tsaye, kowace cike da tsakuwar silika. Ɗaya tana aiki, ɗaya ana gasa ta, in lokaci ya yi su yi musaya. Cikin hunturu na yi awona, watan Janairu, lokacin da leɓe ke tsagewa, kanti ma ba ya rasa mai sayen man kaɗanya. Na ga tukunya ɗaya tana daɗewa ƙwarai ba ta ƙoshi ba. Sai na tsawaita lokacin musaya, na rage gashi, na rubuta rahoto mai kyau cewa na yi wa kamfani tsimin wuta. Har yabo na samu. Ana nan sai ga Agusta. Wani dare ana tsuga ruwa aka buga mini ƙofa, wai bawul sun ƙi motsi, aiki ya tsaya cak. Da muka kwance bututu, ruwa ne ya tsiyayo mana a takalma.

Akwai wani dattijon makaniki a wurin, wanda bai yi boko mai nisa ba amma ya girme ni a aikin da shekara ashirin. Bai ce mini uffan ba a gaban mutane. Ya buɗe ƙaramin murfin tukunyar, ya ɗebo tsakuwa cikin tafin hannu, ya haska mini da tocila. Wadda na sani shuɗiya kamar an rina ta a Ƙofar Mata ta koma ruwan hoda, tana naso. Ya zuba ta a murfin gwangwani, ya ɗora a kan risho ɗin da suke dafa shayi, muka tsuguna muna kallo. A hankali shuɗin ya riƙa dawowa daga gefe zuwa tsakiya. Sannan ya ce, "Injiniya, dutsen nan ƙoshi yake yi kamar mutum. Kai da rani ka auna cikinsa." Kwana biyu aiki yana tsaye. Awon da na yi daidai ne, ban ƙara ko ɗigo a kai ba, amma rahoton ƙarya ya zama, don na ɗauki labarin wata ɗaya na yi wa shekara hukunci da shi. Zanen da kika turo mini awon hunturu ne, 'yata. Ki jira daminarsa.

Masu tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa sun san da wannan. Na'urarsu ta tace numfashi da ziyolait take aiki, amma sai iska ta fara ratsa wani gado na busarwa an tsane ta, kafin a bar ta ta isa gadon da ke kama kabon. A sararin samaniya ana iya ɗaukar wannan ɗawainiya saboda mutane kaɗan ne, kowannensu kuma kabon ɗin da yake fitarwa a yini bai wuce kimanin kilo ɗaya ba. A bututun masana'anta, busar da hayaƙi kaɗai yana iya cinye ribar da aka fito nema. Shi ya sa wata raga ta MOF mai suna CALF-20, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Calgary ta Kanada aka kuma bayyana a mujallar Science a 2021, ta yi suna. Akwai waɗanda suka fi ta cin kabon a busasshiyar iska. Abin da ya ɗaga ta shi ne tana ci gaba da kamu ko da akwai laima daidai gwargwado, kuma tururi ba ya rusa ta.

Nasiha ta biyu ita ce zuciyar maganar: kamu ba shi da wuya, sakin ne ke cin kuɗi. A watan Afrilun 1970, da kumbon Apollo 13 ya samu matsala, mutum uku suka takure a ɗakin da aka yi wa mutum biyu, numfashinsu ya fara zame musu guba. Abin da ya cece su gwangwanayen wani sinadarin litiyam ne mai kama kabon, waɗanda suka haɗa da leda da kwali da salatif don bakinsu bai dace da ramin na'urar ba. Wannan sinadari gwanin kamu ne, amma in ya kama ya kama ke nan, sai a jefar a ɗauko sabo. A tafiyar kwana shida wannan ba laifi. Masana'antar da ke aiki dare da rana shekara talatin fa, ina za ta zubar da tsaunin gwangwanaye?

Saboda haka tarko nagari tsaka-tsaki yake. Gawayi riƙon sakainar kashi yake yi wa kabon: sakinsa ba wuya, ruwa bai cika damunsa ba, amma in kabon ya yi ƙaranci cikin hayaƙi mai ɗumi, ɗan abin da zai kama ba yawa, kuma yakan haɗa da naitirojin. Amin da aka shafa a jikin tsakuwar silika yana damƙa da kyau ko a iska mai laima, sai dai sakin yana buƙatar zafi, kuma in zafi ya gamu da oksijin yakan lalace, hayaƙin farar wuta kuwa in ya maƙale masa ba ya sauka. Laim, wato ƙonannen dutsen siminti, yana kama kabon a wajen digiri 650, ba ya saki sai an kai shi digiri 900. Kowanne da halinsa, kamar 'ya'yan gida ɗaya. Lambar da za ki riƙa dubawa ita ce bambanci tsakanin abin da tsakuwa ta ɗauka da abin da ya rage a cikinta bayan an sauke mata kaya. Wannan bambancin kaɗai ne ke isa rumbu. Ɗan dakon da ke ɗaukar buhu biyu ya sauke ɗaya ya koma da ɗaya a ka, buhu ɗaya yake kaiwa, komai yawan kirarin da ake yi masa a tasha.

Hanyoyin sauke kayan kuma sanannu ne. Ko a ɗumama tsakuwar, ko a rage mata matsi a zuƙe iskar da famfo, ko a busa mata tururi. Dabarar sauya matsi wani injiniyan kamfanin Esso, Charles Skarstrom, ya yi rajistarta a 1960, kuma kin gan ta da idonki ba tare da kin sani ba. Ƙaramar na'urar oksijin ɗin nan da ake jawowa gefen gadon majiyyaci a asibiti, mai yin "fuss" duk bayan 'yan daƙiƙu, tukwane biyu ne na ziyolait a cikinta suna musaya, suna kama naitirojin suna barin oksijin ta wuce. Wannan "fuss" ɗin saki ne. Babbar yayarta tana Port Arthur a Texas, inda tun 2013 kamfanin Air Products yake kama kimanin tan miliyan 1 na kabon a shekara da tsakuwa da famfon zuƙa. Amma ki lura, a can daga iskar masana'antar haidirojin ake kamun, kafin a ƙona ta, tana da matsi mai yawa. Kama da wane ba ta wane. Kada ki ɗauki nasarar Port Arthur ki jingina wa hayaƙin bututu, wanda ke fitowa a sake, ba matsi.

Nasiha ta uku ita ce ta ɗan kuturun. Bari mu yi lissafin bayan ambulan. Tashar kwal mai megawat 500 tana fitar da kimanin tan 10,000 na kabon a rana. A ce kowane kilo na tsakuwarki yana kai giram 44 rumbu a zagaye ɗaya. In zagaye ɗaya yana cin awa guda, kina buƙatar tsakuwa kusan tan 9,500, wato lodin tirela fiye da 300 irin mai ɗaukar siminti buhu 600. In kuwa zagayen minti ɗaya ne, tan 160 ya isa, tirela biyar da ɗoriya. Kin ga inda sauri yake da rana. Wannan ne ya sa kamfanin Svante na Kanada ya shimfiɗa CALF-20 a kan siraran faranti, ya jera su cikin wani babban faifai mai juyawa, gefe ɗaya yana shan hayaƙi, gefe ɗaya tururi yana wanke shi, a kammala zagaye cikin kimanin minti ɗaya. Sun gwada shi a masana'antar siminti ta Richmond da ke lardin British Columbia, a kan tan 1 a rana. To amma minti ɗaya-ɗaya zagaye 1,440 ne a rana, fiye da 500,000 a shekara. Tsakuwar da ke rasa ɗan ƙanƙanin ƙarfi a kowane zagaye, wanda ido ba ya gani a gwaji biyar, kafin wata ya ƙare ta zama yashi.

Laim shi ne babban misali. A zagayen farko ba wanda ya kai shi ci, ga araha, ga shi ko'ina. Amma duk gashin da aka yi masa ƙwayoyinsa suna narkewa su manne da juna, ramuka su toshe. Bayan zagaye ɗaruruwa, abin da yake kamawa ba ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da lissafi ya ba shi. Masu gwajin La Pereda a ƙasar Sifaniya, da suka fara a 2012, ba su ɓoye wannan ba. Sun gina tsarinsu a kan cewa kullum za a riƙa cire tsohon laim ana zuba sabo, wanda aka cire kuma yana da kasuwa, don shi ne abincin murhun siminti. Da suka san aibin abinsu, sai suka sama masa gurbi. Ke ma ki nemi aibin tsakuwarki da kanki, tun kafin wani ya nemo miki shi a gaban taro. Ki duba ko tana dagargajewa ta zama gari in iska ta daɗe tana kaɗa ta. Ki sa ma'aunin zafi a tsakiyar gadon, don kamu yana haifar da zafi, tsakuwa mai zafi kuma cinta raguwa yake yi.

Nasiha ta huɗu: wanda ya kama kura, ya san inda zai ɗaure ta. Kabon ɗin da aka tara sai an matse shi da injin har ya kusa zama kamar ruwa, wannan ma wuta yake ci, sannan a kai shi wani wuri. Mutanen Norway a 1996 suka fara tura kimanin tan miliyan 1 a shekara cikin dutsen yashi, mita 800 zuwa 1,000 ƙarƙashin ƙasan teku, a filin gas na Sleipner. A Aislan ana narkar da shi a ruwa a tura cikin baƙin dutsen aman wuta, mafi yawansa ya zama dutse cikin shekara biyu. Petra Nova kuwa rijiyoyin mai take sayar wa nata, shi ya sa da farashin mai ya faɗi a 2020 aka rufe ta, ba a sake buɗewa ba sai 2023. Kasuwa ce ta kwantar da ita. A nan gida masana'antun takin yuriya na Eleme da Lekki suna haɗa kabon da amoniya su yi taki, masu lemon kwalba ma suna saye, amma wannan aro ne: taki yana shiga gona, kwalba tana buɗuwa, kabon ya koma sama.

Kuma kada sabo ya sa ki raina iskar nan don ba ta da launi ba ta da wari. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi sau ɗaya da rabi, kwanciya take yi a ƙasa kamar ruwa. A daren 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos na ƙasar Kamaru ya amayar da ita, ta gangara kwaruruka, mutum fiye da 1,700 suka kwanta ba su tashi ba, da dabbobi dubbai. Ina roƙonki, duk ranar da za ki buɗe tukunyar gas, ki buɗe taga tukuna, kuma kada ki yi aikin dare ke kaɗai a rufaffen ɗaki.

Ta biyar, ki san girman gonar da kike nome wa kuyya ɗaya. Duniya tana fitar da kimanin tan biliyan 37 na kabon a shekara daga ƙona kwal da mai da gas da yin siminti. Duk na'urorin kamu da ke aiki a farkon 2025, in aka haɗa ƙarfinsu, wajen tan miliyan 50 ne. Afirka gaba ɗaya kasonta a hayaƙin nan bai kai kashi 4 cikin 100 ba, alhali manomin Gumel da makiyayin Tawa suna cikin masu ɗanɗana sauyin damina. Rigakafi ya fi magani: hayaƙin da ba a yi ba, ba ya buƙatar tarko, kuma ƙasar da har yanzu take ƙona gas a banza a yankin Neja Dalta tana da aikin da ya fi naki sauƙi. In wani ya ce miki tarkonki lasisi ne na a ci gaba da ƙone-ƙone yadda aka ga dama, kada ki amsa masa.

Duk da haka akwai inda ba makawa sai irin aikinki, kuma yana kusa da gida. Dutsen siminti in aka gasa kilo 100, kilo 44 iskar kabon ce take tashi, kilo 56 ya rage laim. Ko da hasken rana aka hura murhun, wannan 44 ɗin sai ta fita, don daga cikin dutsen take. Fiye da rabin hayaƙin kabon na siminti daga nan yake. Mu kuwa gini muke yi, kuma za mu daɗe muna yi. Ga Ashaka a Gombe, ga Kalambaina a Sakkwato, ga Obajana a Kogi, ga Malbaza a Nijar. Hayaƙinsu ya fi na tashar lantarki kaurin kabon, wanda ke nufin kamunsa ya fi sauƙi. In kina neman bututun da za ki riƙa tunawa da shi kina aiki, ga su nan. Ki nemi izini ki ziyarci ɗaya, ki tsaya kusa da murhu ki ji zafinsa a fuskarki, ki ga ƙurar da ke sauka a kafaɗar rigarki. Gani ya kori ji.

To, ga abin da nake so ki yi ranar Litinin. Ki samo kwalba ki zuba ruwa rabi, ki bi da iskar gwajinki ta cikinsa tana ɓulɓulowa kafin ta isa tsakuwar. Ki surka kabon ɗin da naitirojin har ya sauko kashi 15 cikin 100. Ki ɗumama gadon zuwa digiri 50. Ki kama, ki saki, ki kama, ki saki, kina rubuta lambar kowane zagaye a littafi da biro, har da ranar da aka ɗauke wuta a tsakiyar gwaji. Na san zanen zai sunkuya, wataƙila ya faɗi warwas tun kafin zagaye na goma, kuma ranar za ki ji kamar ki haɗa kayanki ki dawo gida. Kada ki goge shi, kada ki ɓoye shi a bayan na farkon. Ki kai wa malamin da ke duba aikinki duka biyun, ki ajiye su gefe da gefe. Zanen farko kowa yana da irinsa a aljihu. Na biyun ne zai gaya miki aikin da ya rage: ko a sa gadon busarwa a gaba, ko a shafa wa ramukan amin, ko a sauya gishirin da ke cikin ziyolait ɗin, ko kuma a gane cewa ƙasar Ƙanƙara ta fi dacewa da wani aikin, kamar na'urar oksijin ta asibiti, wanda shi ma ba ƙaramin alheri ba ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a kimiyya kuma ya fi ƙurewa, don bututu ba ya karanta rahoto.

Ki kuma kyautata wa masu kula da ɗakin gwaje-gwaje, waɗanda sunansu ba ya fitowa a takarda. Ki gaishe su da safe, ki tambaye su, ki saurara. Ni digiri ne da ni a daren nan na Agusta, amma mai murfin gwangwani ne ya san abin da ya faru.

In kin kai zagaye na ɗari, ki turo mini zanen ko yaya ya kasance, zan sa tabarau in duba. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki haƙurin maimaitawa, Ya tsare ki daga sharrin abin da kike aunawa, Ya sa al'umma ta amfana da ke. Ki riƙa cin abinci a kan lokaci, kuma ki kira mahaifiyarki, ta ce kwana biyu ba ta ji muryarki ba.

Naki,
Kawu